Lodi a Sama, But a Buɗe: Abin da Iska da Kwana Ke Yi wa Mota a Hanyar Kankiya

Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Bichi da Tsanyawa tana shiga jihar Katsina ne ta ƙasar Kusada. Ta ratsa yankin Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, inda hanyar Funtuwa da Malumfashi ke haɗuwa da ita, ta wuce Kafin Soli ta shiga Kankiya, daga nan ta miƙe Charanchi har birnin Katsina. A Kankiya kuma hanyar Dutsinma da ta Ingawa suke rabuwa. Don haka kusan duk abin da ƙasar ke nomawa ko kiwatawa sai ya hau kwaltar nan: gero da dawa da wake masu tafiya Dawanau, awaki da shanu na kasuwar Charanchi, harawa da kara a lokacin kaka, katifu da gadaje na jeren amare.

Yawancin motocin da ke wannan jigila ba don irin lodin nan aka ƙera su ba, koya musu aka yi. Golf da Sharon suna tafiya but a buɗe, murfin na kwance a kan buhuna, an ja shi da igiya ko roba an ɗaure a bamba. A-kori-kura an kai ta wurin mai walda an ƙara mata bodi har ya wuce kan direba. J5 da Hiace an sa musu kariya a sama. Motar Kanta kuwa sai an cika ta, an ja tamfol, sannan masu kayan su hau su zauna a kai. Wanda ya saba da hanyar ya daina kallon waɗannan a matsayin abin mamaki. Amma kowannensu ya canza wa motar siffar da masu ƙira suka auna suka ba ta, kuma abin da canjin ke haifarwa ana iya lissafa shi.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lissafin ita ce a leƙa wata irin mota da ba a cika ganinta a nan ba. A Turai da Amurka da Ostareliya akwai motocin yawon shaƙatawa da ake kwana a cikinsu. Tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da ƙananan bas-bas na Volkswagen ɗakunan kwana, daga baya aka ƙara musu rufi mai ɗagawa. A Amurka abin ya ɗauki wani salo: akwatin ɗaki ne ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, irin waɗanda kamfanin Four Wheel Campers ke ƙerawa tun 1972. Rufin na ƙarfe ne marar nauyi, bangon sama kuwa yadin tanti ne. In an isa masauki sai a kwance maƙallan da ke riƙe da rufin, a tura shi sama, yadin ya miƙe, mutum ya samu inda zai tsaya da tsawonsa. In za a tashi sai a sauke, a cusa yadin ciki, a mayar da maƙallai. Dalilin wannan hidima ɗaya ne: ana son ɗakin ya yi tsawo in mota tana tsaye, ya gajarta in tana tafiya.

Masu irin motocin nan sukan nemi sassauci. Wani yadinsa ya jiƙe da raɓa yana so iskar hanya ta busar da shi, wani ya sa kayan da suka hana rufin sauka sosai, wani kuma gusawa kawai zai yi zuwa wata inuwa. Sai su ce ai ba duka aka ɗaga ba, ɗan kaɗan ne. Amsar masu ƙira kuwa ba ta canzawa: a sauke rufi, a kulle, sannan a ja mota. Hujjojinsu su ne dai hujjojin da suka shafi Golf ɗin da ta taso daga Yashe da but a buɗe.

A fara da iska. Mutum a tsaye ba ya jin nauyinta, amma tana da shi: akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne yana ɗauke da iskar da ta haura kilo guda. Mota mai tafiya dole ta ture iskar da ke gabanta, ita ma iskar ta ture ta. Wannan shi za mu kira turjiyar iska. Abin da ya sa ake raina ta shi ne ba kafaɗa da kafaɗa take tafiya da gudu ba. In gudu ya ninka biyu, turjiya ninki huɗu take yi. In ya ninka uku, ta yi tara. A ce an tsayar da allo mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya a kan mota, yana kallon gaba. A gudun kilomita 50 a awa, iska na danna shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 12 ko kusa da haka. A gudun 80 ya kai kilo 30. A gudun 100 ya doshi kilo 50, wato rabin buhun masara ke turin allon ba ƙaƙƙautawa. Katifar da aka shimfiɗa a kan kariya, muddin bakinta na gaba ya ɗaga, ta zama irin wannan allo, har ma ta fi shi faɗi.

Wannan kuwa lissafin ranar da iska ke kwance ne. Abin da kaya ke ji shi ne gudun mota haɗe da gudun iskar da ke tahowa. Direban da ke kan 80, in iska mai gudun 30 ta tare shi ta gaba, lodinsa 110 yake ji, ƙarfin turin kuma ya kusa ninkawa alhali allurar gudu ba ta motsa ba. Ƙasar nan tana da iska biyu da direba ya kamata ya sani. Akwai ta hunturu, mai kaɗowa daga arewa maso gabas tun daga wajajen Nuwamba har Fabrairu. Akwai kuma ta gaban hadari a farkon damina, wadda kan taso daga gabas bagatatan ta yaye kwanon gidaje. Hanyar Kano zuwa Katsina arewa maso yamma ta nufa, saboda haka iskar hunturu a haƙarƙari take dukan mota. Gajeriyar mota ba ta ba iskar wurin kamawa sosai. Wadda aka yi wa dogon lodin harawa ko kara kuwa, ko da lodin ba shi da nauyi, ta miƙa wa iska bango guda. Haka abin yake in tirela ta gifta a guje: da farko iskar gabanta ta ture ƙaramar mota waje, tana wucewa kuma ta zuƙo ta ciki.

To me ya sa rufin motar shaƙatawa, in an ɗaga shi kaɗan, ya zama abin tsoro, tunda faɗin da ya ƙara ba shi da yawa? Saboda ya buɗe wa iska baki. Rufi a rufe, iska ta kansa take bi ta wuce, maƙallai kuma sun danne shi. Da ya ɗaga ko da taƙi ɗaya ne, iska ta samu shiga ƙarƙashinsa tana tura shi sama, wadda ke bin bayansa kuma tana zuƙarsa sama. Sandunan da ke taimakawa wajen ɗaga rufin aikinsu turawa sama ne, ba a yi su don riƙe shi ƙasa ba. Ke nan a wannan hali rufin ba ya hannun maƙallai, yadin kuma bai miƙe ya yi tauri ba. Sai ya kama kaɗawa. Kaɗawar nan ita ke cin ƙarfe: noti ya kwance, ƙusa ta faɗaɗa raminta, yadi ya tsage daga ɗinki. Ba lallai ya balle a tafiyar farko ba, kuma wannan ne ke ruɗin mutane, don wanda ya yi sau goma lafiya gani yake ya gano abin da masu ƙira ba su sani ba.

Bonet ɗin da aka bari a kan maƙalli na farko don inji ya sha iska, shi ma haka yake: ƙaramin ƙugiya ɗaya ke tsakanin direba da faifan ƙarfen da zai iya tashi ya rufe masa gilashi yana tsakar gudu. Tamfol ɗin da bakinsa na gaba ya saki yakan cika da iska ya kumbura, ya dinga fizgar igiyoyinsa har su sassauta. Shi ya sa ƙwararrun masu lodi, in tamfol biyu za su ja, na baya suke fara shimfiɗawa, sannan na gaba ya hau kansa, don iska ta zame ta kan mahaɗar maimakon ta kutsa ciki. Kwanon rufi kuwa, in ɗaya ya zame daga bandir ya tashi, wanda ke binka a babur shi zai karɓe shi.

But a buɗe yana da nasa sharrin da ido ba ya gani. Mota in tana tafiya, iskar da ta ratsa ba ta haɗewa nan take a bayanta, sai a samu wani wuri mai zuƙa inda iska ke juyawa tana komowa jikin motar. Wannan ne dalilin da ya sa gilashin baya ya fi kowane wuri tara ƙura a hanyar burji. A daidai wurin nan kuma salansa ke fitar da hayaƙi. In but a rufe yake, hayaƙin ya juya ya tafi. In a buɗe yake, wani kaso ya shigo wa fasinja. A cikin hayaƙin akwai gubar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta fi iskar da muke rayuwa da ita kama jini fiye da sau 200. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da gyangyaɗi, abubuwan da matafiyi zai ɗora wa rana ko yunwa. Na kujerar baya su suka fi sha, amma gyangyaɗin direba ya fi na kowa tsada.

Sannan ga inda nauyin ya zauna. Buhunan da suka leƙo daga but suna bayan tayoyin baya ne, saboda haka suna danne gindin mota suna ɗaga hancinta. Tayoyin gaba kuwa su ke karɓar umarnin sitiyari, su ke yin mafi yawan aikin birki, a Golf ma su ke jan motar. In nauyi ya ragu a kansu, riƙon da suka yi wa kwalta ya ragu. Direba yakan ji sitiyari ya yi sakwat a hannu, wani ma daɗi yake ji. Da dare kuma fitilun da ya kamata su haska kwalta sai su koma idon mai tahowa.

Babbar magana dai tana ga tsayin lodi. Kowane abu mai nauyi yana da wani gurbi da za a iya cewa a nan nauyinsa duka ya taru. Shi ake kira cibiyar nauyi. Mai jaki ya san ta ko bai san sunanta ba: mangala yake sawa, kaya su rabu biyu su sauka ta haƙarƙari, don ya san in ya tula su a gadon baya, jakin na karkata kaɗan za su juye. Mota tana tsaye ne muddin cibiyar nauyinta na tsakanin tayoyin dama da na hagu. Duk abin da ya tura ta waje da wannan iyaka, mota ta kife.

Injiniyoyi suna da ma'auni mai sauƙi na wannan, mu kira shi ma'aunin tsayuwa. A ɗauki rabin tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, a raba shi da tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa. In adadin ya yi yawa, motar na da wuyar kifewa. Ga misali da adadi na kwatance. A-kori-kura mai nauyin kilo 2,000, tazarar tayoyinta mita 1.5, cibiyar nauyinta santimita 70 daga ƙasa: ma'auninta ya ɗan haura 1. A zuba mata buhu goma, kilo 1,000, a shimfiɗe su a cikin bodi ta yadda tsakiyarsu na mita 1.1 daga ƙasa. Cibiyar motar da kayanta ta hau zuwa santimita 83, ma'auni ya sauko 0.9. Yanzu a kwashe buhunan, a cika ƙasan bodi da kwanduna da jarkoki marasa komai, a ɗora buhunan nan goma a samansu, tsakiyarsu ta koma mita 1.9. Ko kilo ɗaya na kirki ba a ƙara ba, amma cibiya ta kai mita 1.1, ma'auni ya faɗo ƙasa da 0.7.

Ma'anar wannan adadi tana fitowa ne in an haɗa shi da riƙon taya. A busasshiyar kwalta, taya mai kyau tana iya jure turin gefe da ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyin da ke kanta kafin ta zame, wato 0.7 zuwa 0.8. In ma'aunin tsayuwar mota ya fi wannan, to duk ranar da aka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, tayoyi ne za su fara zamewa. A ji ƙara, mota ta yi gefe, sau da yawa direba ya samu ya gyara. In kuwa ma'aunin ya gaza riƙon taya, tayoyin ba za su zame ba, za su kafe, motar ta juya a kansu. Gajeriyar mota zamewa take yi, doguwa kifewa. Kuma lissafin nan ya yi wa motar adalci fiye da kima, don ya ɗauka jikinta sandararre ne. A zahiri sifirin yana lotsawa, taya tana lanƙwasa, mota ta karkata, cibiya ta ƙara matsawa waje. In sifirin ya gaji, shokazoba ya mutu, abin ya fi haka. Manyan motoci masu dogon lodi da yawa ba sa jure abin da ya wuce 0.3 zuwa 0.4, shi ya sa ake ganin tirela kwance a kwanar da ƙananan motoci ke sha ba tare da sun taka birki ba.

Ƙarfin da ke wurga mota waje a kwana shi ma ninkin gudu yake bi, kamar turjiyar iska. Kwanar da aka sha a kan 40, in aka shige ta a kan 60, turin ya haura ninki biyu. Direba kuma shi ne na ƙarshen ji, domin yana zaune a gaba, a ƙasa, kusa da inji, alhali a mota mai lodi a baya tayar baya ta cikin kwana ce kan fara barin ƙasa. Kafin saƙon ya iso kujerarsa, sau da yawa aikin gama ya gama.

Kwana ma da sauƙi, tunda ana hango ta. Wadda ta fi kayar da motoci ita ce kaucewar gaggawa. A 1997 wata mujallar motoci a Suwidin ta gwada sabuwar ƙaramar Marsandi mai suna A-Class da irin kaucewar da direba ke yi in dabba ta faɗo hanya, motar ta kife, har kamfanin ya dakatar da sayar da ita ya sake mata gyara. A can gwaji ne a fili da aka keɓe. A tsakanin Kafin Soli da Kankiya kuwa saniya ce, ko akuya, ko ɗan acaɓa da ya fito daga lungu, ko ramin da damina ta bari. Kaucewa murɗa biyu ce: a karya hagu, a dawo dama. A murɗar farko sifirin gefe guda ya lotsa ya tara ƙarfi; a ta biyu ya saki ƙarfin nan a daidai lokacin da lodin ke komowa ɗaya gefen. Ta biyun ce ke kayarwa.

Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta kuma gano cewa kusan kashi 95 cikin 100 na kifewar da mota ke yi ita kaɗai tuntuɓe ne ke jawo ta: taya ta zame gefe ta ci karo da wani abu, ko ta nutse a ƙasa mai laushi. Wannan ya dace da hanyoyinmu, inda ruwa ke cinye gefen kwalta ya bar gaɓa mai kaifi da rairayi a ƙasanta. Taya biyu sun sauka, direba ya firgita ya fizgi sitiyari don ya hau, gaɓar ta riƙe tayar, tana saki kuma motar ta tsallaka ɗaya hannun ko ta yi adungure. Abin da ake koyarwa shi ne a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar gudu ya mutu, sannan a hau a hankali.

Hukumar nan ta Amurka dai, a 2001, ta yi gargaɗi a kan bas-bas masu ɗaukar mutum 15, bayan ta ga cewa waɗanda ke ɗauke da mutum 10 ko fiye sun kusa ninka marasa cika sau uku wajen kifewa, domin fasinja suna zaune ne sama da cibiyar nauyin motar, kuma nauyinsu na komawa baya. Wannan fa ba a ɗora komai a rufi ba. Ƙananan motoci da yawa abin da masu ƙira suka yarda a ɗora musu a sama bai wuce kilo 50 zuwa 100 ba, har da nauyin kariyar kanta. Buhun gero ɗaya ya cinye kason.

Akwai kuma lodin da ba ya zama inda aka ajiye shi. Shanu a tsaye cibiyar nauyinsu a sama take, kuma in mota ta karkata duk gefe guda suke zubewa. Tankin ruwa cikakke ya fi rabi nauyi, amma rabin ya fi wuyar tuƙi, don ruwan na da filin gudu: ya ruga waje a kwana, ya ruga gaba a birki, ya dawo ya daki tanki bayan an tsaya. Mutanen da ke zaune a saman lodi kuwa sun haɗa duka: sun ɗaga cibiya, suna motsi, ba abin da ke riƙe da su, kuma su ne mafi kusa da waya.

Direba yakan san faɗin motarsa da ido, amma tsayinta sai ya tuna, ga shi kuma kullum lodi na canza shi. A babbar hanya ba a cika samun matsala ba. A cikin gari ne da ƙauyuka, wajen shiga kasuwa ko lungun da za a sauke jere, ake haɗuwa da reshen darbejiya, da rumfar shago, da wayoyin da aka ja daga falwaya zuwa gidaje. Waya tana saki in rana ta yi zafi, hanya kuma tana tashi duk lokacin da aka ƙara mata ƙasa, don haka inda aka wuce bara ba lallai a wuce bana ba. Manyan layukan da ke raba wuta tsakanin garuruwa suna ɗauke da wuta mai ƙarfin volt 11,000 ko 33,000, kuma irin wannan wuta tana iya tsallakowa in an matso ta sosai, ba sai an taɓa ba. Tifar da ta juye yashi ta ja gaba kafin bodinta ya gama sauka ita ce 'yar'uwar motar shaƙatawar nan ta kusa: direban na tuƙa motar da ta fi wadda ya sani tsawo.

In har mota ta taɓa waya, zama a ciki ya fi sauka. Haɗarin yana ga wanda ya sa ƙafa a ƙasa hannunsa na jikin mota, don shi ya zama hanyar da wutar za ta bi. A hana jama'a matsowa, a nemi a kashe layin. Sai in gobara ta tashi ne za a fita, shi ma da tsalle, ƙafa biyu a haɗe, ba tare da an dafa motar ba, sannan a ja ƙafa a hankali a yi nisa.

Ɗauri ma yana da lissafinsa. Ƙa'idojin ɗaurin kaya na Turai da na Amurka sun haɗu a kan cewa ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe da ta baya. Wato buhu goma a birkin gaggawa suna turin gaba da ƙarfin buhu takwas. Nauyin kaya kaɗai ba ya riƙe su, duk da ana yawan cewa ai wannan ba inda za shi. Roba tana da saurin ɗauri, amma miƙewa ce sana'arta: tana barin kaya su ɗaga su dawo, rana kuma tana cinye ta. Igiya mai ƙwari ko bel mai maƙalli sun fi. Buhuna kuma suna zaunawa in mota ta girgiza su, igiyar da ta yi tauri a tasha ta saki bayan 'yan kilomita, don haka tsayawar farko ta duba ɗauri ce. Taya ita ma tana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta. Lodi mai yawa da ƙarancin iska su ke sa ta zafi har ta fashe, fashewar tayar baya a mota mai dogon lodi kuwa ba kasafai ake gyara ta da sitiyari ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa lodin wuce kima cikin laifuffukan hanya, jihar Katsina kuma tana da tata hukumar, KASSAROTA. Ƙa'idar hanya ta ƙayyade wa tasi da bas kilomita 80 a babbar hanya, tirela da tanka kuwa 50. Sai dai wannan iyaka ta motar da ke cikin siffarta ce. Wadda aka yi wa hawa biyu, 80 ta yi mata yawa. Kuma ba wanda zai yi maganar lodi da gaskiya ya tsallake kuɗin mai. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direban haya yana lissafa kowane sawu, buhu biyun da ke leƙowa daga but wataƙila su ne ribarsa ta ranar. Mai kaya ma ba ya son a raba masa kaya mota biyu. “Direba, a danne kawai, ai nan da Kankiya ne,” in ji shi, ɗan kamasho kuma ya goya masa baya.

A nawa ganin, wa'azin a daina lodi gaba ɗaya ba zai shiga kunnen kowa ba a wannan hali, kuma ba shi ne abu na farko ba. Misalin buhu goma ya nuna cewa nauyi ɗaya yana iya zama lodi mai dama-dama ko mai kisa, gwargwadon inda aka ajiye shi. Mai nauyi a ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya, a raba shi daidai dama da hagu. Marar nauyi a sama, a ɗaure bakinsa na gaba tamau. Wannan ba ya cin ko sisi, sai minti goma na yaron mota. Rage gudu ma ba asara ba ce, tunda dogon lodi a guje mai yake sha, ribar buhun da aka ƙara tana iya ƙarewa a turin iska. Abin da ba shi da sassauci shi ne duk wani abu mai maƙalli: but, bonet, ƙofar bodi, bodin tifa, rufi mai ɗagawa. Ko dai ya rufu ya kama, ko kuwa kayan da suka hana shi rufuwa ba na wannan motar ba ne. Iyakar rangwamen da hankali zai karɓa shi ne gusawa a cikin tasha ko fili, da tafiyar ƙafa, wani na ƙasa yana duba sama. “Nan da nan ne” ba hujja ba ce, domin tsakanin Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya mota tana kai gudun da za ta kai in Kano za ta.

Shugabannin tasha su suka fi kowa iko a nan, don a gabansu ake lodi, jami'in hanya kuwa sai mota ta riga ta ɗauki gudu yake ganinta. Fasinja ma yana da ta cewa. Kafin ka biya kuɗin mota, zaga bayanta ka duba: in gindinta ya kusa taɓa taya, hancinta na kallon sama, buhuna na kan kariya, jira ta gaba. In kuma an riga an kama hanya aka samu matsala, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.